Yadda Za Ka Fara Wasan Buɗe Kwado Ba Tare Da An Yi Maka Kallon Ɓarawo Ba

Masu karatu da dama sun yi ta aiko mini da tambaya iri ɗaya: "Malam, ina sha'awar koyon buɗe kwado ba da makulli ba, ta ina zan fara?" Yawancinsu suna jira ne in ce ga ƙarfen da za su saya, ga yadda za su riƙe shi. Zan faɗi wannan, amma ba shi ne farko ba. A Turai da Amurka wasan sananne ne, yana da ƙungiyoyi da gasa. Jamusawa sun kafa tasu ƙungiyar mai suna SSDeV a Hambog a 1997, mutanen Holan suna da TOOOL, kuma a taron masana tsaron kwamfuta mai suna DEF CON da ake yi a Las Begas akwai rumfa guda ta masu wannan wasa. A unguwanninmu kuwa, duk wanda aka gani ya tsuguna gaban kwado da siririn ƙarfe a hannu, suna ɗaya ake kiransa da shi, kuma ba a tsayawa jin bahasi. Saboda haka na jera matakan nan yadda ya kamata a bi su, kada ka tsallake na farko don ɗokin na uku.

1. Riƙe ƙa'idoji biyu kafin ka taɓa ƙarfe

Masu wannan wasa a ko'ina sun haɗu a kan ƙa'idoji biyu, kuma su ne TOOOL take fara karanta wa duk sabon shiga. Ta farko: kada ka buɗe kwadon da ba naka ba, sai mai shi ya ba ka izini da bakinsa. Ta biyu: kada ka buɗe kwadon da ake amfani da shi, ko da naka ne.

Ta farkon ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama. Kwado kuwa magana ce mai gida ya bari a bakin ƙofa, yana cewa ban yarda ba. Abin da sabon shiga yake yawan ruɗewa a kai shi ne ma'anar "naka". Ɗakin haya da kake ciki, kubar ƙofarsa ta mai gida ce. Kabad ɗin ofis na ma'aikata ne, ko da kai ke riƙe da makullinsa shekara goma. Kwadon ɗakin kwanan ɗalibai na makaranta ne. Akwatin matarka nata ne, jakar ƙaninka tasa ce. Riƙe makulli ba shi ne mallaka ba.

Ta biyun ce mutane suke gardama a kai, ni ma na yi, har sai da na gani a jikina. Ina da wata biyu da farawa, hannuna ya fara faɗawa, na ce bari in gwada kubar ƙofar ɗakina. Ta buɗe kuwa. Don murna na ci gaba da murɗawa har zuciyar kubar ta juye gaba ɗaya, ƙananan fil ɗin sama (fil su ne 'yan sandunan ƙarfe da ke cikin kuba, waɗanda makulli yake ɗagawa kafin ta buɗe) suka zubo cikin ramin makulli, ta cije. Na sa ƙarfi, bakin ƙugiyar, wato siririn ƙarfen da nake buɗewa da shi, ya karye a ciki. Ƙofa a buɗe, ba ta rufuwa, ga magariba ta kawo kai. A daren nan da kujera na tokare ƙofar, washegari na biya kafinta ya cire kubar ya sa sabuwa.

*Gargaɗi:* ko kwado bai cije nan take ba, yawan soka masa ƙarfe yana cinye fil ɗinsa yana kashe sifirin. Ranar da zai ƙi buɗewa ita ce ranar da kake sauri, ko ranar da wuta ta tashi.

2. San abin da doka ta ce a inda kake

Doka ba ɗaya ba ce. A Jamus mallakar kayan ba laifi ba ne. A Ingila, sashe na 25 na dokar sata ta 1968 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda aka kama a wajen gidansa ɗauke da kayan da zai yi sata da su. A Jafan, tun 2003 riƙe kayan buɗe kwado ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne kai tsaye. A Amurka kowace jiha da tata: a Ohayo, Nebada da Bajiniya, samun kayan a jikinka kaɗai ana iya ɗaukarsa alamar mugun nufi, sai ka wanke kanka.

A Nijeriya, sashe na 417 na kundin laifuka da ake aiki da shi a Kudu ya ce wanda aka samu da dare ɗauke da kayan fasa gida ba tare da halattaccen uzuri ba yana iya shan ɗaurin shekara 3, kuma shi ne zai kawo hujjar uzurinsa. Kundin Final Kod na Arewa ma yana hukunta wanda aka kama tsakanin faɗuwar rana da fitowarta da makullan bogi ko kayan fasa gida cikin yanayin da ke nuna mugun nufi. Lura cewa duka biyun maganar dare suke yi.

Abin yi a aikace: kayanka su zauna a gida. Kada su kwana a aljihu, kada su zauna a akwatin babur ko a mota. In tafiya ta kama dole, ka fita da rana, kayan suna cikin jakarsu tare da kwadunan gwaji da makullansu da rasidin saye.

*Gargaɗi:* doka tana jiran kotu, taron jama'a ba ya jira. Ihun "ɓarawo" sau ɗaya a kasuwa ya isa. Kada ka fito da kayan nan a tasha, a majalisa ko a bakin masallaci don burge abokai. In kuma jami'in tsaro ya tare ka ya gan su, kada ka ɓoye, kada ka yi ƙarya. Ka ce, "Yallaɓai, na koyo ne, ga kwadunan da nake gwaji da su, ga makullansu, ga rasidi."

3. Sayi kaya kaɗan

Abu uku ya ishe ka watanni: gajeriyar ƙugiya wadda ake ɗaga fil da ita ɗaya bayan ɗaya, ƙarfe mai baki kamar tudu da kwari wanda ake kira manjagara, da ƙarfen murɗawa, wanda ake sa wa a ramin makulli ana murɗa zuciyar kwadon da shi yayin da ake ɗaga fil, guda biyu ko uku masu kauri daban-daban. Kaurin ƙugiyar da ya dace da mai koyo shi ne inci 0.025, wato kusan milimita 0.6. Masu inci 0.018 ko 0.015 na kwaduna masu matsattsen rami ne, kuma a hannun sabon shiga saurin lanƙwashewa gare su.

Kamfanonin da aka sani da kaya masu kyau sun haɗa da Sparrows, Peterson, SouthOrd da Multipick. Ƙaramin saiti na mai farawa yana kamawa kusan dala 20 zuwa 40, ban da kuɗin aikowa, wanda wani lokaci yakan kai kuɗin kayan. Wanda bai da hali, ƙarfen da ke cikin tsohuwar robar share gilashin mota yana yin ƙarfen murɗawa mai kyau, kuma bakanike zai ba ka shi kyauta. Ka goge bakinsa da samfefa har ya yi sumul.

*Kuskuren da aka fi yi:* sayen jibgegen saiti mai ƙarfe talatin don arha. Rabin ƙarafan ba za ka taɓa amfani da su ba, saura kuma gefensu yana yanka hannu yana kankare cikin kwado. Haka nan ka bar makullan da ake bugawa da guduma da bindigar buɗe kwado. Ba sa koya wa yatsa komai, kuma su ne suka fi wuyar bayani in an gan su a hannunka.

4. Tara kwadunan gwaji, kowanne da makullinsa

Ka je kasuwa ka sayi sabbin kwaduna uku ko huɗu masu arha, irin Tri-Circle da ke cike a shagunan kayan gini. In ka samu Master Lock lamba 3, mai fil huɗu, shi ne kwadon da masu koyo da yawa a duniya suke farawa da shi. Kwadon roba mai garai-garai da ake ganin cikinsa yana da amfani na kwana biyu, don ka ga yadda fil suke hawa da sauka. Daga nan ka ajiye shi, domin aikin na ji ne a yatsa, ba na gani ba.

Tsofaffin kwaduna ma akwai su wurin masu gwangwan da masu yankan makulli. Ka gaisa da mai yankan makullin unguwarku, ka gaya masa abin da kake koyo. Sana'arsa ce, kada ka je masa da ji da kai don ka kalli bidiyo goma. Ni wani dattijo mai yankan makulli a bakin kasuwarmu ne ya zube mini gwangwani guda na matattun kwaduna, ya ce, "Ɗana, ɗauki, amma in ji labarin ka taɓa na mutane, kada ka sake gaishe ni." Har yau ina gaishe shi.

Kowane kwadon gwaji ka ɗaura masa alama, ko ɗigon fenti ko zare, ka rataya makullinsa a jikinsa. Da zarar ya shiga kwandon gwaji, ya bar aikin tsaro har abada.

*Gargaɗi:* kwadon da ka tsinta maƙale a wata tsohuwar ƙofa, ko a shinge, ko a shagon da aka daɗe ba a buɗe ba, yana da mai shi. Tsatsa ba izini ba ce.

5. Zaɓi wurin zama, ka sanar da mutanen gida

Tebur, haske mai kyau da faranti mai gefe don ƙananan fil da sifirin kada su gangare. Ka zauna cikin ɗaki, ba ƙofar gida ba. Tun ranar farko ka gaya wa mahaifinka, ko matarka, ko abokin zamanka abin da kake yi, ka nuna musu kwadunan. Abin da aka gani a ɓoye shi ke zama abin zargi. Ka kuma sani, daga ranar da aka san ka iya, duk abin da ya ɓace a gidan za a tuna da kai, ko ba a furta ba. Maganin wannan shi ne ba a taɓa ganinka kusa da kwadon kowa ba, ko da wasa.

Riƙon da kansa: murɗawa kaɗan-kaɗan, kamar kana danna maɓallin waya. Mafi yawan masu farawa suna matsawa da ƙarfi har yatsa ya yi fari, fil su ƙi motsi, ƙugiya ta lanƙwashe. Minti ashirin a rana ya fi awa uku a ranar Lahadi.

*Gargaɗi:* yara suna haɗiye fil da sifirin, ƙugiya kuma tana tsone ido. In ka tashi, ka tattara komai ka kulle.

6. Shirya amsarka kafin a ce "zo ka buɗe mini"

Nan ne jarrabawar take, kuma za ta zo da wuri fiye da yadda kake zato. Labari zai bazu, wata rana a yi sallama da kai. Masu zuwa kala-kala ne. Akwai mai gaskiya wanda makullinsa ya faɗa kwata. Akwai mai gidan haya da yake son shiga ɗakin ɗan haya don kuɗi sun maƙale. Akwai magajin da yake son a buɗe ɗakin mamaci kafin a zauna rabon gado. Akwai mai son ganin abin da kishiya ta ajiye a akwati. Dukkansu da murya ɗaya suke zuwa, muryar gaggawa, kuma kowannensu zai rantse maka nasa ne.

Wata Hajiya maƙwabciyarmu, wadda nake ganin girmanta ƙwarai, ta taɓa aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta nuna mini wani ɗaki a zaure ta ce, "Yaron nan wata uku bai biya ba, ya kulle ya yi tafiyarsa. Buɗe mini in fitar da tarkacensa." Gidan nata ne, ba shakka. Amma kayan da ke ciki ba nata ba ne, kwadon ma shi ya saya. Na ce, "Hajiya, ki yi mini aikin gafara, ba zan iya ba. In na buɗe, gobe ya dawo ya ce kuɗinsa ko takardunsa sun ɓata, ni da ke za a nema. A kira mai unguwa, a neme shi a waya, in za a buɗe a buɗe gaban shaidu." Ranta bai so ba, kwana biyu tana amsa gaisuwata sama-sama. Da yaron ya dawo aka zauna gaban mai unguwa aka sasanta, ba a ambaci sunana ko sau ɗaya ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma a irin wannan rigima mai buɗewa ne maratayin.

Shawarata ga mai farawa ita ce ka ƙi gaba ɗaya, ka tura su wurin mai sana'ar. Kai mai wasa ne, ba mai gyaran makulli ba. In ka lalata kubar mutum, ba ka da abin maye masa, kuma ka cire wa mai sana'a abinci a baki. Jimla ɗaya ta isa: "Wallahi nawa na gwaji ne kawai, ba na taɓa wanda ke jikin ƙofa, amma ga lambar mai yi."

In har lamarin ya zama na ceto, kamar yaro ya kulle kansa a ɗaki ko mara lafiya ya faɗi a ciki, to ba lokacin gwada gwaninta ba ne. A kira manya, a ɓalle ƙofa, ya fi sauri. In kuma ba gaggawa ba ce, ka ga ba makawa sai ka taimaka, to sharuɗɗa huɗu: ka san mutumin ka kuma tabbata abin nasa ne shi kaɗai, yana tsaye a wurin, akwai wani babba shaida, kuma ka faɗa masa tun farko kwadon zai iya lalacewa. Da ya buɗe ka ja baya. Kada ka leƙa, kada ka shiga, kada ka karɓi ko sisi.

*Gargaɗi:* izini ta waya ko ta ɗan aike ba izini ba ne. "Yaya ne ya ce a buɗe" ta jefa mutane da yawa cikin abin da ba su shirya ba.

7. Kula da abin da kake ɗauka a hoto

Za ka so nuna kwadonka na farko da ya buɗe. Ka nuna shi a hannu ko a kan tebur, ba a jikin ƙofa ba. Manyan zaurukan masu wasan na intanet suna goge duk hoton kwadon da ke bakin aiki, ko mai shi ne ya sa.

Kada ka sa hoton makullin gidanku, ko na shago, ko na wani. Ana iya yanka makulli daga hoto. A 2008 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun kwaikwayi makullai daga hoton da aka ɗauka daga nisan kusan mita 60. Jaridar Washington Post kuma ta taɓa buga hoton makullan da jami'an filayen jirgin saman Amurka suke buɗe akwatunan matafiya da su, a 2015 mutane suka fitar da kwafinsu da na'urar 3D mai ƙera abu daga zane.

Haka nan kada ka ɗauki bidiyo kana cewa irin wannan kwadon ne a shagon wane ko a layin kaza. Wannan aikin ɓarawon zaune ne, ko da ba ka nufa ba.

8. Ladabin zama da 'yan'uwa masu wasan

In ka shiga cikinsu za ka tarar da tsarin ɗamara irin na 'yan kareti, daga fara har zuwa baƙa, gwargwadon wuyar kwadon da mutum ya buɗe. Ana neman bidiyo ɗaya ba yanke, kuma in aka hau sama sai ka warware kwadon a gaban kyamara a ga ba ka cire masa fil ba. Kada ka yi maguɗi. Gaskiya ce jarin wannan taro, wanda aka kama sau ɗaya ya gama.

Kada ka ɗauki ƙugiyar wani sai ka tambaya, domin wasu da hannu suka goge tasu kwana da kwanaki. In ka karya, ka faɗa ka biya. In an ara maka kwado, ka mayar da shi yadda aka ba ka, da makullinsa da fil ɗinsa cif. In wani yana fama da kwado, kada ka karɓe daga hannunsa sai ya miƙo.

Batun koyarwa kuma, kana da damar ƙi. Wanda ya ce yana son fahimtar yadda kwado yake aiki, ka fara masa da ƙa'idoji biyun nan. Wanda tambayarsa ita ce yadda ake buɗe irin kwadon wani shago cikin sauri ba ƙara, ka rufe bakinka. Yaro kuwa sai da sanin mahaifinsa.

9. In ka gano rauni a wani kwado

Wata rana za ka sayi kwado mai tsada ka ga ya buɗe cikin daƙiƙa biyar. Masu shi suna da haƙƙin sani. A 2004 aka nuna cewa bututun biron Bic yana buɗe wasu kwadunan keke na kamfanin Kryptonite, har kamfanin ya koma musanya wa mutane kyauta. Tsarin da ya dace shi ne ka fara rubuta wa kamfanin ko dilan da ya kawo kayan, ka ba su lokaci su gyara, kafin ka yi magana a fili. In ka zo yin maganar, ka faɗi cewa kwadon ba shi da ƙwari da abin da ya kamata a saya a madadinsa, ba sai ka zayyana hanyar dalla-dalla ba.

In kuma a ƙofar ɗan'uwa ko maƙwabci ka hango irin kwadon, ka same shi shi kaɗai ka ce, "Baba, wannan kwadon ba shi da ƙarfi, ya kamata a canza." In ya nemi gani da ido, kada ka gwada a nasa. Ka sayo irinsa, ka kawo har zaurensa, ka buɗe naka a gabansa.